Ranar da Aka Ɓoye Sunan Kwalba: Harshe, Suna da Kuɗi a Kasuwar Giyar Inabi

Ranar 24 ga Mayu, 1976, wasu Faransawa tara suka zauna a gaban wani dogon tebur a otal ɗin InterContinental da ke Paris. Ba ƙananan mutane ba ne a sana'arsu. Akwai Pierre Bréjoux, babban sufeton hukumar da ke tsare sunayen yankunan giyar inabi a Faransa. Akwai Odette Kahn, editar mujallar La Revue du vin de France. Akwai Aubert de Villaine, ɗaya daga cikin masu gonar Romanée-Conti, wadda kwalbarta ke sahun mafi tsada a duniya. Sauran kuwa masu manyan gidajen abinci ne, da malamai, da ƙwararrun zaɓa wa attajirai abin sha. Wanda ya tara su wani ɗan Ingila ne, Steven Spurrier, mai ɗan shagon giya da makarantar koyar da ɗanɗano a cikin birnin. Shi da abokiyar aikinsa Ba'amurkiya, Patricia Gallagher, talla kawai suka so yi wa shagon, suka fake da bikin cikar Amurka shekara 200 da samun 'yancin kai.

Sharaɗin zaman guda ɗaya ne: ba wanda zai ga sunan abin da aka zuba masa. An kawo kwalaben giya, farare goma da jajaye goma. A kowane rukuni, shida daga Kalifoniya suke, huɗu daga gonakin da Faransa ke taƙama da su. Kowane alƙali zai ba da maki cikin 20. Shi kansa Spurrier, wanda kayan Faransa yake sayarwa, bai kawo a ransa cewa baƙin za su kai labari ba.

Da aka haɗa makin farare, sai ga Chateau Montelena ta 1973, daga kwarin Napa, ta zo ta ɗaya. Uku daga cikin huɗun farko duk 'yan Kalifoniya ne. An sanar da sakamakon tun kafin a kawo jajaye, don haka alƙalai suka gyara zama, kowa ya kasa hanci da harshe don ya gano na gida. Duk da haka Stag's Leap Wine Cellars ta 1973 ta sha gaban Mouton-Rothschild da Haut-Brion da Montrose, sunayen da suka haura shekara ɗari ana rusuna musu. Kurangar da ta ba da wannan giya ba ta wuce shekara uku da dasawa ba, mai gonar kuma, Warren Winiarski, tsohon malami ne a Jami'ar Chicago da ya ajiye alli ya kama noma. Odette Kahn ta nemi a maido mata da takardar makinta. Ba a ba ta ba.

Ɗan jarida ɗaya tal ne ya amsa gayyata, George Taber na mujallar Time, kuma shi an ba shi jerin sunayen. Yana tsaye yana kallon wani alƙali ya kurɓi ta Napa yana yaba wa ƙasar Faransa, wani kuma ya kushe ta Burgundy a zatonsa ta Amurka ce. Labarin da ya rubuta sakin layi huɗu ne kacal, amma ya isa. Yau kwalaben nan biyu suna gidan tarihi na Smithsonian a Washington, gonar Winiarski kuwa an sayar da ita a 2007 kan dala miliyan 185.

Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi ba su taɓa kai wannan abu baki ba, ba kuma za su kai ba. Hukuncinsa a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, likitoci ma sun daina yi masa kara: a farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Ba talla na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne babu wani amfanin gona a duniya da aka ƙware wajen sayar da sunansa kamar wannan. Ruwan 'ya'yan itace ne da aka bari ya tsumu, amma wata kwalbar dala biyar ce, wata kuma ta fi gida tsada. Duk manomi da ɗan kasuwa ya kamata ya tambayi yadda aka yi hakan.

Me suke nema a cikin kofin?

Abu na farko da kan ba baƙo mamaki shi ne masu wannan sana'a ba sa haɗiyewa. Wanda zai ɗanɗana kala hamsin ko ɗari kafin la'asar, in ya ce zai haɗiye, ba zai kai na goma da hankalinsa ba. Kurɓa yake yi, ya juya a baki, ya tofar a wani mazubi da ke gefensa. Kafin nan ya karkata kofin ya dubi launi: ja in ta tsufa takan koɗe ta koma kalar jan bulo, fara kuwa duhu take ƙarawa. Sai ya kaɗa kofin ya sa hanci, kuma a nan yawancin aikin yake, domin abin da muke kira ɗanɗano galibinsa ƙamshi ne. Wanda mura ta toshe wa hanci ya san yadda abinci kan yi lami.

A baki kuwa abu huɗu ko biyar ake aunawa: zaƙi, tsami, bauri, nauyi, da tsawon lokacin da ɗanɗanon kan ɗauka kafin ya gushe. Baurin daga ɓawon inabi da ƙwallayensa yake fitowa, wani lokaci har da gangar katakon da aka ajiye ruwan a ciki. Ruwan yawancin inabi, ko da ɓawonsa baƙi ne, ba shi da launi sosai. Ana samun ja ne in an bar ruwan ya tsumu tare da ɓawon. Wannan baurin shi ne kan yi laushi da shekaru, shi ya sa ake ajiye wasu kwalaben shekara ashirin ko talatin a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Kaɗan ne dai ke jure hakan. Mafi yawan abin da ake yi a duniya, in ya daɗe lalacewa yake yi. Mai cin goro ba sai an yi masa dogon bayani ba: ya san sabo, ya san daushe, ya san wanda baurinsa kan juye ya zama zaƙi in an kora ruwa, ya kuma san dalilin da ya sa fatake suka yi ta niƙar tafiyar watanni zuwa Gwanja alhali ga wani goron kusa.

Bambancin ƙasashe kuwa daga rana yake farawa. Inabin giya ya fi yin kyau tsakanin digiri 30 da 50 arewa ko kudu da tsakiyar duniya. Inda sanyi ya fi, inabi kan nuna a hankali, tsaminsa ya tsaya, sukarinsa ya yi kaɗan. Inda zafi ya fi, sukari kan yi yawa, kuma sukarin ne ke juyewa ya zama ƙarfin maye. Riesling da ake nomawa a gangaren kogin Mosel a Jamus, inda tsayin gangaren ya sa da hannu ake komai, wani ƙarfinsa bai wuce kashi 8 cikin ɗari ba. Shiraz na kwarin Barossa a Ostareliya yakan kai kashi 14 ko 15. Iri ɗaya ma, in an raba masa ƙasa, sai ya sake hali: Chardonnay na Chablis a arewacin Burgundy siriri ne mai tsami, ɗan'uwansa na Napa kuwa mai kauri ne, ga ƙamshin ganga. Sauvignon Blanc da aka fara dasawa a Marlborough ta New Zealand a shekarun 1970 ƙamshinsa tun daga nesa yake sallama, na Sancerre a Faransa sai ka matsa kusa.

Akwai kuma bambancin da ba na rana ba ne, na tunani ne. Ɗan Amurka ko ɗan Chile sunan irin inabin yake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwalba. Bafaranshe da Ba'italiye da ɗan Sifaniya sunan wuri suke rubutawa: Chablis, Barolo, Rioja. Na farko yana cewa ga abin da na shuka, kai ma in ka so ka shuka. Na biyu yana cewa ga inda na shuka, kuma wurin nan guda ɗaya ne a duniya. Duk rigimar da ta biyo bayan 1976 a kan wannan take.

Ƙasar da ake aunawa da taki

A Burgundy aka kai wannan tunani ƙarshe. Sufayen Kirista ne suka shafe ƙarnuka suna noma gangaren, suna lura da cewa wannan fegi ya bambanta da na kusa da shi, suna kewaye wasu da katangar dutse. Yau akwai irin waɗannan fegi 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2015. Romanée-Conti ɗaya ce daga ciki. Faɗinta hekta 1.8 ne, abin da take bayarwa a shekara 'yan dubban kwalabe ne. A watan Oktoba na 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta kakar 1945 a New York kan dala 558,000. Ka yi tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga wannan fegi, ka sami wani manomin da ke shuka iri ɗaya, Pinot Noir, a ƙarƙashin rana ɗaya, amma kuɗin kwalbarsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ta maƙwabcinsa ba. Faransawa za su ce maka terroir ne: ƙasa, da dutsen da ke ƙarƙashinta, da inda gangaren ya fuskanta, da yadda ruwa ke tsanewa. Ban musa ba, ruwa ba ya tsami banza. Amma ƙasa ba ta ninka daɗi sau ɗari. Ƙarancin kaya da doka da tsohon suna su ne ke ninka farashi.

A Bordeaux ma ba a ɓoye hakan ba. Da Napoleon na Uku zai yi baje kolin duniya a Paris a 1855, an nemi a jera giyar yankin daki-daki. Dillalai aka ba aikin, su kuwa ba su tsaya dogon ɗanɗano ba, littattafan ciniki suka buɗe, suka jera gidaje hawa biyar bisa farashin da kowanne ya saba samu. Huɗu suka hau sama: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Daga ranar zuwa yau babban sauyi ɗaya aka yi, shi ne ɗaga Mouton zuwa hawan farko a 1973, bayan Baron Philippe de Rothschild ya shafe shekaru yana naci. Wani abin lura shi ne a nan darajar ta gida ce, ba ta fegi ba. In babban gida ya sayi gonar maƙwabcinsa a cikin yanki ɗaya, inabin da jiya na talaka ne yau yana iya shiga kwalbar sarauta.

Ƙwaron da ya haifi doka

Dokokin suna ba daga son ado suka fito ba, daga masifa suka fito. A farkon shekarun 1860 kurangu suka fara bushewa a kudancin Faransa ba a san dalili ba. Sai a 1868 masanin tsirrai Jules-Émile Planchon da abokansa suka tono saiwa suka ga wani ɗan mitsitsin ƙwaro, phylloxera, wanda ya shigo tare da dashen da aka kawo daga Amurka. An gwada guba, an gwada cika gonaki da ruwa, gwamnati ta sa kyauta ga wanda ya samo magani. Tsakanin 1875 da 1889 abin da Faransa ke samarwa ya faɗi da fiye da kashi biyu cikin uku. Maganin da ya yi aiki daga ƙarshe shi ne aure, irin wanda masu lambu ke yi wa mangwaro: a ɗauki reshen inabin Turai a ɗaura shi a kan saiwar inabin Amurka, wadda ta saba da ƙwaron. Ke nan a ranar da alƙalan Paris ke neman bambance Faransa da Amurka a cikin kofi, kusan duk kurangar Faransa a kan saiwar Amurka take tsaye.

Shekarun ƙarancin nan su ne suka buɗe ƙofar algus. Aka riƙa yin giya da busasshen inabi da sukari da ruwa da rini, ana liƙa mata sunan da aka ga dama. Da gonaki suka farfaɗo, sai kasuwa ta cika, farashi ya karye. A 1907 dubban ɗaruruwan manoma suka fito zanga-zanga a Languedoc, sojoji suka yi harbi a Narbonne, aka rasa rayuka. A 1911 manoman Champagne suka fasa rumbunan 'yan kasuwar da ke sayo inabi daga wasu wurare suna sayarwa da sunan yankinsu. Daga irin wannan tarzoma ne aka kai ga kafa hukumar tsare sunaye a 1935, wadda ke fayyace iyakar kowane yanki, da irin da za a shuka, da yawan abin da hekta za ta bayar, da yadda za a sarrafa. Fotugal ta riga su shata iyakar kwarin Douro tun 1756, amma tsarin Faransa ne duniya ta kwafa.

Wanda ya cike giɓin a wancan zamani, kuma ba a cika ambatonsa ba, shi ne Aljeriya. Turawan mulkin mallaka sun mamaye ƙasar noma suka cika ta da inabi, har ta kai wajen hekta 400,000 a shekarun 1930. Zuwa 1960, wannan ƙasa ta Musulmi, wadda 'ya'yanta ke aikin gonar ba sa shan abin da ta haifa, ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi waje. Kusan duka Faransa ake kaiwa cikin tankunan jiragen ruwa, a gauraya da ta gida wadda ba ta da ƙarfi ko launi, a sayar ba tare da an ambaci Oran ko Mascara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan 'yancin kai a 1962 Faransa ta janye hannu, Tarayyar Sobiyet ta saya na ɗan lokaci a farashi mai arha, daga bisani gwamnatin Boumediene ta sa aka tumɓuke gonaki masu yawa. Kayan da ba shi da sunan kansa, ranar da mai saye ɗaya ya juya baya ya zama ba shi da kasuwa.

Waɗanda suka biyo sawu

Abin da zaman Paris ya koya wa sauran ƙasashe shi ne dabara: in kana da kaya mai kyau ba ka da suna, ka ja mai suna zuwa inda za a rufe sunaye. A 2004 wani ɗan Chile, Eduardo Chadwick, ya shirya irin wannan zama a Berlin, da Spurrier a kan kujera, kuma kwalabensa biyu suka zo ta ɗaya da ta biyu a gaban Lafite da Margaux. Chile na da wata baiwa: hamada a arewa, tsaunukan Andes a gabas, teku a yamma, ƙwaron nan bai taɓa cin ta ba. A 1994 ma wani masani Bafaranshe ya gano cewa abin da manomanta suka daɗe suna kira Merlot, wani ɓangarensa Carménère ne, tsohon irin Bordeaux da aka ɗauka ya kusa ɓacewa. Ajantina ta ɗauki Malbec, wanda a Bordeaux ɗan rakiya ne, ta kai shi tuddan Mendoza ya zama tutarta. A 2011 wata giya daga Ningxia ta ƙasar Sin, yankin da aka san shi da Musulmi 'yan ƙabilar Hui, ta ci babbar lambar gasar mujallar Decanter a Landan, har wasu suka yi ta gunagunin ko da gaske a can aka yi ta.

A nahiyarmu labarin Afirka ta Kudu ne ya fi tsawo, kuma ya fi ɗaci. A watan Fabrairu na 1659 aka fara matse inabi a Cape, a zamanin Jan van Riebeeck. Gonar Constantia, da aka kafa a 1685, ta yi sunan da sarakunan Turai ke aikowa a saya musu, Napoleon na Ɗaya ma ita ake kai masa a tsibirin Saint Helena inda aka tsare shi. Bayi ne suka yi wannan noma. Bayan an hana bauta kuma sai aka ci gaba da biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, al'adar da ake kira dop, wadda ta daɗe ana yi a ɓoye ko bayan doka ta haramta ta, ta bar wa iyalai da yawa ciwon shaye-shaye har jikoki. Takunkumin zamanin wariyar launin fata ya rufe wa ƙasar kasuwa, sai bayan 1994 ta dawo. Ntsiki Biyela, wadda ta tashi a wani ƙauye a KwaZulu-Natal, ba ta taɓa ɗanɗana giyar inabi ba kafin ta sami tallafin karatu a Jami'ar Stellenbosch. Ita ce baƙar mace ta farko da ta zama ƙwararriyar mai haɗa giya a ƙasar, yanzu tana da tambarinta, Aslina. Amma gonakin, har yau galibinsu a hannun fararen fata suke.

Shin harshen gaskiya yake faɗa?

A nan ne ya kamata a yi wa zaman Paris adalci, domin masu ba da labarinsa sukan tsallake wani abu. A jajaye, tazarar da ke tsakanin Stag's Leap da Mouton ba ta taka kara ta karya ba, kuma huɗun da suka zo ƙarshe duk 'yan Kalifoniya ne. Alƙalan sun saɓa wa juna sosai, wadda wani ya ɗora a sama wani ya jefa ta ƙasa. Da an sake zuba musu washegari, mai yiwuwa jerin ya sauya. Faransawa sun kafa hujja da cewa tasu sai ta tsufa take nuna kanta. Wannan hujja dai ba ta tsaya ba, domin da aka sake buɗe irin kwalaben a 2006, a Landan da Napa lokaci guda, Kalifoniya ce ta kwashe matsayi biyar na farko, Ridge Monte Bello ta 1971 a gaba.

Masu bincike sun ƙara tona asirin. A 2001 aka buga gwajin da Frédéric Brochet da abokansa suka yi a Jami'ar Bordeaux: an ɗiga wa farar giya jan rini marar ƙamshi aka ba ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni, sai suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta ja. Robert Hodgson, wani farfesa mai ritaya da ke da 'yar gonarsa, ya shawo kan masu gasar baje kolin jihar Kalifoniya suka riƙa zuba wa alƙalai giya ɗaya sau uku daga kwalba ɗaya ba da saninsu ba. Sakamakon da ya buga a 2008 ya nuna kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke ba ta maki masu kusanci da juna a kai a kai. A shekarar dai wasu masana a Kalifoniya suka sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su giya ɗaya, sau ɗaya aka ce ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Mutanen sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa mai jin daɗi ya fi motsi da gaske. Ba ƙarya suka yi ba. Farashin ne ya shiga cikin ɗanɗanon.

Manyan masu sharhi ma ba su tsira ba. Robert Parker, lauya daga Maryland wanda ya fara fitar da mujallarsa a 1978, ya yaɗa ba da maki cikin 100, har ta kai makinsa kan ɗaga ko ya karya farashi a Bordeaux, wasu gidaje kuma suka koma yin giya mai kauri da nauyi don su dace da bakinsa. Da aka fitar da Château Pavie ta 2003, shi ya ba ta sama da 95, Jancis Robinson ta Ingila kuwa ta ba ta 12 cikin 20, aka yi ta musayar kalamai a jaridu. Kofi ɗaya, gwanaye biyu.

Kada dai a zarce a ce duk sana'ar bogi ce. Mai neman lambar Master of Wine a Landan sai ya zauna gaban kofuna 36 cikin kwana uku, ba suna ba alama, ya faɗi irin inabin da yankin da yadda aka sarrafa, ya kawo hujja a rubuce. Tun da aka fara jarrabawar a 1953, waɗanda suka haye 'yan ɗaruruwa ne. Horarren hanci yana gane abubuwa da gaske: ya san lalatacciya, ya san ta ƙasar sanyi da ta ƙasar zafi, ya san wadda aka yi da kulawa. A ganina iyakarsa ke nan. Yana iya raba mai kyau da marar kyau, amma tsakanin mai kyau ta dala 50 da mai kyau ta dala 5,000, abin da ya rage ba a harshe yake ba.

Wanda ya fi kowa fahimtar haka ɗan damfara ne. Rudy Kurniawan, wani matashi ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, ya shiga cikin attajiran Amurka a farkon shekarun 2000 da kyauta da walima da hanci mai kaifi. A 2006 kaɗai an yi gwanjon kayansa sau biyu kan kusan dala miliyan 35. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008, da ya kai kasuwa wasu kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu shekarun 1945 zuwa 1971. Mai gidan, Laurent Ponsot, ya hau jirgi zuwa New York ya tsayar da cinikin, domin gidansu bai fara yin wannan giya ba sai 1982. Da jami'an FBI suka shiga gidan Kurniawan a watan Maris na 2012, sun tarar da tsofaffin kwalabe, da dubban takardun liƙawa, da hatimai, da rubutattun ƙa'idojin gauraya masu arha don su yi kama da masu tsada. An ɗaure shi shekara goma. Abin lura, ba harshen masu saye ne ya kama shi ba. Sun sha, sun yaba, sun ƙara saye. Kwanan wata ne ya kama shi.

Abin da ya rage a hannun manomi

Kasuwar kanta yanzu tana ja da baya. Ƙungiyar inabi ta duniya, OIV, ta ƙiyasta cewa abin da aka sha a 2024 bai wuce lita biliyan 21.4 ba, mafi ƙanƙanta tun 1961. Matasan Turai ba sa sha kamar iyayensu. A Bordeaux gwamnati na biyan ƙananan manoma su tumɓuke dubban hektoci, alhali manyan gidajen da ke kusa da su ba su san ana yi ba. Zafi kuma yana tura inabi arewa, har gidan Taittinger na Champagne ya sayi gona a Kent ta Ingila a 2015.

Amma dabarar tsare suna ta riga ta fita daga gonar inabi. Da ita ake kare cukun Roquefort da shayin Darjeeling. A 2013 ƙungiyar OAPI, mai rajistar haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka galibi masu amfani da Faransanci, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajista, tare da kofin Ziama-Macenta na Gini. Daga baya albasar Galmi da kilishin Nijar su ma sun shiga. Mu kuwa mun san ciwon rashin wannan tun da daɗewa: fatar jar akuyar Sakkwato ta ƙetare Sahara ƙarni bayan ƙarni, Turawa suka yi wa littattafansu bango da ita, suna kiran ta fatar Maroko.

Rajistar ita ce ɓangare mai sauƙi. Masu albasa da masu kilishi su dubi yadda mutanen Champagne ke yi bayan an ba su takarda. Suna da kwamiti tun 1941, manoma da 'yan kasuwa ne ke zuba masa kuɗi, yana duba gonakinsu da kansa, yana kuma bin duk wanda ya taɓa sunan har kotu. A 1993 ya sa aka hana Yves Saint Laurent sa wa turarensa wannan suna. Wani ƙauye a Suwizalan da shi ma sunansa Champagne tun fil azal, an hana shi rubuta sunan garinsu a kan giyarsa. A 2023 jami'an kwastan na Beljiyam suka tare wani kaya na giyar gwangwani daga Amurka a tashar Antwerp, saboda an rubuta kalmar a jikinta a matsayin kirari. Gwangwani 2,352 aka murƙushe, kuma kwamitin ne ya biya kuɗin aikin.